WA KE DA IKON KORAR MALAMI? RIGIMAR MAKARANTUN TSIRARU DA GWAMNATI A INDIYA

Tun shekarar 1958 Kotun Ƙolin ƙasar Indiya take fama da wata tambaya, wadda in mutum ya ji ta a baki sai ya ce ai yaro ma ya amsa, amma ga shi manyan alƙalai sun shafe shekara fiye da 60 suna tufka da warwara a kanta. Tambayar kuwa ita ce: idan wata jama'ar Musulmi, ko ta Kirista, ko wata ƙaramar ƙabila ta gina makaranta da guminta, ta ɗauki malami, sa'an nan malamin nan ya yi abin da bai gamshe ta ba, shin tana da ikon sallamarsa nan take, ko kuwa sai ta je ta nemi iznin ma'aikatar ilmi tukuna? In kuma malamin ne aka zalunta, wa zai kai wa kuka?

Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa maganar ta yi zafi haka, sai ya san irin zaman da ake yi a ƙasar. A ƙidayar 2011 an sami mutum miliyan 1,210 a Indiya. Kusan kashi 80 cikin ɗari mabiya addinin Hindu ne. Musulmi kashi 14 ne da ɗoriya, watau mutum miliyan 172, Kirista kashi 2.3, mabiya addinin Sikh kuwa kashi 1.7. Gwamnatin Tarayya ta lasafta al'umma shida a matsayin tsiraru ta wajen addini, su ne Musulmi da Kirista da Sikh da mabiya Buddha da Farsi, sai 'yan Jain da aka ƙara a 2014. Ban da waɗannan akwai tsiraru ta wajen harshe, kamar mutanen Sindhi da ke zaune a Delhi, ko masu magana da harshen Tamil da suka yi ƙaura zuwa wata jiha.

Sa'ad da aka raba ƙasar a 1947, aka fid da Pakistan, an zub da jini mai yawan gaske, tsirarun da suka rage kuwa suna zaman ɗar-ɗar. A 1949 majalisar tsara Tsarin Mulki ta janye shawarar keɓe musu kujeru a majalisun dokoki. Abin da ya rage musu mai ƙwari shi ne sashe na 30 na Tsarin Mulkin da ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950. Sashen ya ba kowace al'umma ta tsiraru, ta addini ko ta harshe, ikon kafa makarantar da ta ga dama da kuma ikon tafiyar da ita. Ya kuma hana gwamnati nuna wa makaranta bambanci wajen ba da taimakon kuɗi don kawai tana hannun tsiraru.

Kafa makaranta bai cika jawo gardama ba. Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar "tafiyarwa". Makaranta ai malamanta ne. Wanda duk yake da ikon ɗaukar malami, ya ƙara masa girma, ya hore shi, ya sallame shi, to shi ne mai makaranta, ko da sunan wani ne a rubuce a bakin ƙofa. Masu makarantu sun san haka, gwamnatocin jihohi ma sun sani, shi ya sa kowa ya kafe.

KERALA: DOKAR DA TA KA DA GWAMNATI

Jihar Kerala, can kudu maso yammacin ƙasar, ita ce mahaifar rigimar, domin a can Kirista da Musulmi suna da yawa, kuma galibin makarantu na masu zaman kansu ne da gwamnati ke ba taimako. A 1957 jam'iyyar Kwaminis ta ci zaɓe, E.M.S. Namboodiripad ya zama Babban Minista, ya naɗa Joseph Mundassery, wanda tsohon malamin kwaleji ne, Ministan Ilmi. Malamai sun daɗe suna kukan manajoji na biyansu abin da suka ga dama, suna korarsu yadda suka ga dama. Sai Mundassery ya kawo shirin doka cewa daga yanzu gwamnati ce za ta riƙa biyan albashi, za a riƙa ɗaukar malamai daga jerin sunayen da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta tsara, ba za a kori malami ko a dakatar da shi ba sai da yardar jami'in gwamnati, makarantar da ta lalace kuwa gwamnati tana iya karɓe ta.

Shugaban Ƙasa Rajendra Prasad bai sa hannu ba, sai ya aika da shirin dokar Kotun Ƙoli neman shawara. A watan Mayu 1958 Babban Joji S.R. Das ya ba da amsar da har yau ake kafa hujja da ita. Ya ce ikon tafiyar da makaranta bai haɗa da ikon lalata ta ba, saboda haka gwamnatin da ke ba da kuɗi tana iya gindaya sharuɗɗa. Amma ya ce ƙwace makarantun tsiraru ya saɓa wa sashe na 30. Game da neman izni kafin a kori malami, kotun ta ce abin saura ƙiris ya taka haƙƙin tsiraru, sai dai ta bar shi ya wuce saboda tausayin malaman da ke aiki a kan ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Maganar ba ta tsaya a kotu ba. Cocin Katolika, da ƙungiyar 'yan ƙabilar Nair a ƙarƙashin Mannathu Padmanabhan, da jam'iyyar Muslim League, da jam'iyyar Congress suka haɗa kai, aka rufe makarantu, aka yi ta zanga-zanga, 'yan sanda suka yi harbi, aka rasa rayuka. Ran 31 ga Yuli, 1959, Gwamnatin Tarayya ta Firayim Minista Nehru ta sauke gwamnatin jihar. Akwai batun dokar filaye a cikin abin da ya harzuƙa mutane, amma dokar ilmi ce ta fid da limaman coci kan titi.

TSORON JAMI'IN GWAMNATI

Sassaucin da aka yi a 1958 bai ɗore ba. A 1974 aka yanke ƙarar da 'yan mishan na ɗariƙar Jesuit masu kwalejin St. Xavier a birnin Ahmedabad suka kai Jihar Gujarat, bayan an zaunar da alƙalai tara a ƙarƙashin Babban Joji A.N. Ray. Dokar jami'ar jihar ta ƙunshi abu uku game da horon malamai. Na farko, ba za a kori malami ba sai an gaya masa laifinsa, an kuma ba shi damar kare kansa. Kotu ta ce wannan daidai ne, kowa ya bi. Na biyu, hukuncin da hukumar kwaleji ta yanke ba zai zauna ba sai Shugaban Jami'a ko wakilinsa ya amince. Kotu ta soke wannan a kan kwalejojin tsiraru, domin dokar ba ta faɗi dalilan da za su sa ya amince ko ya ƙi ba, watau dai an ba baƙo wuƙa da nama. Na uku, in gardama ta tashi za a kai ta gaban masu sulhu uku, hukumar kwaleji ta kawo ɗaya, malami ya kawo ɗaya, Shugaban Jami'a ya naɗa na ukun da zai raba gardama. Wannan ma kotu ta soke, ta ce zai mai da kwaleji filin shari'a, kuma a ƙarshe mutumin Shugaban Jami'a ne zai riƙa yanke magana.

Yadda wannan hukunci yake aiki a jikin mutum ya bayyana a shari'ar Lilly Kurian. Ita ce shugabar wata kwalejin horon malamai mata ta sistocin Katolika a Ernakulam, cikin Kerala, tun 1957. A ƙarshen 1969 saɓani ya shiga tsakaninta da wani malami, hukumar kwalejin ta kafa bincike, ita kuwa ta ƙi halarta, a ganinta hukumar ba ta da hurumi. A watan Janairu 1970 aka sallame ta. Ta ɗaukaka ƙara wurin Shugaban Jami'ar Kerala kamar yadda ƙa'idar jami'a ta ba ta dama, ya ce a mai da ita bakin aikinta. Sistoci suka ce ba su san zancen ba. Aka yi ta kai da komo har 1978, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idar da ta ba Shugaban Jami'a ikon rushe hukuncin hukumar kwaleji ba tare da iyaka ko ma'auni ba, ba ta hau kan kwalejin tsiraru ba. Abin lura a nan shi ne shari'ar ta koma ta ƙa'idar jami'a da sashe na 30. Ko korar adalci ce ko zalunci, wannan bai zama abin da aka yanke ba.

A 1980 aka sake maimaitawa a ƙarar makarantar All Saints ta Hyderabad, inda aka duba dokar Jihar Andhra Pradesh ta 1975. Babban Joji Y.V. Chandrachud da abokan zamansa biyu ba su yi baki ɗaya a kan komai ba, amma rinjaye ya soke sharaɗin neman izni kafin kora, ya bar sharaɗin da ya ce ba za a dakatar da malami ba sai in ana shirin bincikensa a kan babban laifi, kuma kada a bar shi a jingine fiye da wata biyu in ba a gama binciken ba, sai in an ƙara wa'adi da dalili. Wannan ɗan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne, domin manajan da ba ya son shari'a yakan dakatar da malami ne ya ƙyale shi, yunwa ta kore shi da kanta.

Alƙalan nan suna da hujja. Darektan ilmi yaron minista ne, minista kuwa ɗan siyasa ne mai neman ƙuri'ar masu rinjaye. In aka ce makarantar Musulmi ko ta Kirista ba za ta iya raba kanta da malamin da ke yi mata zagon ƙasa ba sai darekta ya sa hannu, to an gama da ita, ba tare da an taɓa ko da bulo ɗaya na gininta ba. Sai dai kuma garin kare ƙaramar al'umma daga gwamnati, an bar malami shi kaɗai a gaban manaja, shi da ya fi kowa rauni a cikin ukun.

MALAMAN DELHI SUN TA DA ƘURA

Wannan giɓi shi ne aka zo cikewa a 1986, kuma abin mamaki a makarantar mutumin da ya fi kowa kare sashe na 30. Frank Anthony shi ne jagoran al'ummar nan ta jikokin Turawan Ingila da Indiyawa, lauya ne, ɗan majalisa ne, yana kuma cikin waɗanda suka tsara Tsarin Mulki. Makarantar da ke ɗauke da sunansa a New Delhi ta yi fice, ba ta kuma karɓar ko anini daga gwamnati.

Dokar makarantun Delhi ta 1973 ta tanadar wa malamai kariya mai kyau: albashi kada ya gaza na makarantun gwamnati, kada a dakatar da malami sai da yardar Darektan Ilmi, kada a kore shi sai da yardar Darekta, in kuma an kore shi yana iya zuwa kotun musamman. Amma sashe na 12 na dokar ya ce duk wannan bai shafi makarantun tsiraru marasa karɓar taimako ba. Malaman makarantar Frank Anthony suka ga takwarorinsu na gwamnati sun fi su albashi nesa ba kusa ba, suka yi ta roƙo, suka fito suka nuna rashin jin daɗinsu, sai hukumar makaranta ta dakatar da waɗansu daga cikinsu. Ƙungiyar ma'aikatan ta garzaya Kotun Ƙoli.

Anthony da kansa ya tsaya wa makarantar. Ya ce sunanta ya riga ya isa shaida, in kuwa aka tilasta mata biyan albashin gwamnati, wataƙila sai ta rufe. Mai Shari'a O. Chinnappa Reddy bai karɓi wannan ba. Ya ce ingancin makaranta daga malamanta yake fitowa, malamin da ke cikin ƙunci da fargaba kuwa ba ya koyarwa da kyau, saboda haka dokar da ta gyara albashi ta kuma tsare malami daga korar gilla tana taimakon makarantar ne. Ya ƙara da cewa ba wanda zai fake da sashe na 30 ya danne ma'aikatansa, domin danniya ita ma ɓarnar mulki ce.

A watan Nuwamba 1986 kotun ta rarrabe abin daki-daki. Albashi daidai da na gwamnati ya hau kan makarantar. Neman yardar Darekta kafin dakatarwa ya hau, sai dai in laifin babba ne makaranta tana iya dakatarwa nan take, amma in kwana 15 suka wuce Darekta bai amince ba, dakatarwar ta faɗi. Ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ya hau, dalili kuwa wanda ke zama a kotun alƙali ne mai darajar jojin gunduma, ba ma'aikacin ofis ba. Abu ɗaya tak aka bar wa makarantar, shi ne ba sai ta nemi izni kafin ta kori malami ba.

Daga nan aka sami ma'aunin da ake bi. Makarantar tsiraru ita ke tuhuma, ita ke bincike, ita ke yanke hukunci, ba ta jiran sa hannun kowa. Amma bayan ta yanke, alƙali yana iya dubawa ya ga ko an bi ƙa'ida, ko an ji ta bakin malamin, ko akwai ƙulli a zuci.

MAI SHARA YA FI MALAMI GATA

Akwai wani abin takaici da ya sa kotunan musamman suka zama tilas. A 1987, a ƙarar ma'aikatan kwalejin likitanci ta Kirista da ke Vellore, Kotun Ƙoli ta ce dokar rigingimun ƙwadago ta 1947 ta hau kan cibiyoyin tsiraru kamar kowa. A 1988 kuma, a ƙarar wata malamar makarantar sistoci a Goa, kotun ta ce malami ba ya cikin waɗanda dokar ta kira 'yan ƙwadago, domin koyarwa aiki ne mai daraja da ya wuce aikin hannu ko na akawu. Yabon ya zo da tsada. Direban motar makaranta da mai shara suna iya zuwa kotun ƙwadago a mai da su aiki, malamin lissafi kuwa ba shi da wannan hanya. In ya je kotun farar hula, tsohuwar ƙa'ida ita ce ba a tilasta wa ubangida riƙe ma'aikacin da ba ya so, iyaka a ba shi diyya. Haka batun garatuti ya kasance. A 2004 kotu ta ce dokar garatuti ta 1972 ba ta haɗa da malamai ba, sai da majalisa ta gyara dokar a 2009, ta mai da gyaran baya zuwa Afrilu 1997, masu makarantu suka yi ta ja har 2022 kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da gyaran.

Ran 31 ga Oktoba, 2002, alƙalai 11 a ƙarƙashin Babban Joji B.N. Kirpal suka yanke shari'ar Gidauniyar T.M.A. Pai, wadda ita ce uwar duk shari'un ilmi a ƙasar. Suka ce a jiha ake auna ko al'umma tsiraru ce, ba a ƙasa baki ɗaya ba. Suka ce makarantar da ba ta karɓar taimako, sa bakin gwamnati a kanta ya zama kaɗan ainun, ita za ta tsara hanyar zaɓen malamanta da horonsu, amma hanya mai ma'ana, kuma gwamnati na iya faɗin mafi ƙarancin takardar shaidar da malami zai riƙe. Wadda ke karɓar taimako kuwa, gwamnati na iya tsara mata sharuɗɗan aiki, muddin ba ta ƙwace mata ikon mallakar ma'aikatanta ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski. Sa'an nan suka ce a kafa kotunan ilmi na musamman, kafin a kafa kuwa jojin gunduma ya riƙa sauraron ƙarar malamai. Jihohi irin su Maharashtra da Gujarat da Rajasthan, da birnin Delhi, suna da irin waɗannan kotuna. Shirin dokar tarayya na 2010 na kafa kotunan ilmi don manyan makarantu ya wuce a majalisar wakilai, amma bai zama doka ba.

Har ila yau a 2022, a ƙarar ƙungiyar ilmi ta St. Mary, kotun ta ce ma'aikacin makarantar tsiraru mai cin gashin kanta ba zai tsallaka kai tsaye zuwa Babbar Kotu neman haƙƙi ba in babu wata doka da ta tsara sharuɗɗan aikinsa, domin tsakaninsa da makarantar yarjejeniya ce ta mutum biyu. Saboda haka gatan malami ya danganta ƙwarai da jihar da Allah ya ajiye shi.

ZAƁEN HEDIMASTA

A kan shugaban makaranta kuwa kotu ba ta cika yin inda-inda ba. A 1998 wani malami a makarantar Musulmi ta Emjay, a Kerala, ya ce shi ne mafi daɗewa, shi ya cancanci zama hedimasta, amma manaja ya ɗauko wani daga waje. Kotu ta ba manaja gaskiya. A 2006, a ƙarar kwalejin cocin Malankara, ta sake cewa dokar da ta ce a bi tsawon shekarun aiki wajen naɗa shugaban kwaleji ba ta hau kan tsiraru ba, ko da gwamnati ce ke biyan albashi ɗungum, matuƙar wanda aka zaɓa yana da takardun da ake bukata. Dalilin a fili yake, shugaba shi ne ke ba makaranta halinta. A 2010 aka kuma 'yanta makarantar mutanen Sindhi da ke Delhi daga sharaɗin keɓe guraben malamai ga ƙabilun da aka danne tun kaka da kakanni.

Ana nan sai ga shari'ar Bengal ta Yamma ta dagula lissafi. A 2008 jihar ta kafa wata hukuma da za ta riƙa zaɓa wa makarantun Islamiyya masu karɓar taimako malamai, kwamitin makaranta kuwa dole ya ɗauki wanda aka turo masa. Kwamitin wata makaranta a Contai ya kai ƙara, Babbar Kotun Kalkata ta soke sassan dokar a 2014, ta kuma tabbatar a 2015. Ran 6 ga Janairu, 2020, alƙalai biyu na Kotun Ƙoli, Arun Mishra da U.U. Lalit, suka farfaɗo da dokar. Suka ce darussan addini da harshe daban, a nan al'umma ce ta san wanda ya dace, amma lissafi da kimiyya ba su da addini, abin nema shi ne gwani, kuma dokar ta bar wa kwamiti ƙofar nuna cewa yana da wanda ya fi na hukumar. Abin da ya ɗaure wa lauyoyi kai shi ne wata uku da 'yan kwanaki kafin nan, a Satumba 2019, alƙalai uku na kotun nan sun tabbatar wa wata makarantar 'yan mata ta Sikh a birnin Kalkata ikon ɗaukar malamanta da kanta. Jiha ɗaya, gwamnati ɗaya, amsa iri biyu. Hujjar neman gwani tana da daɗin ji, amma in aka ja ta, babu darasin da ba za a ce yana bukatar gwani ba, daga nan sai a wayi gari kwamitin makaranta ba shi da aiki sai gyaran rufi.

SABUWAR GARDAMA

Masu sukar sashe na 30 ma suna da abin faɗa. A 2009 aka yi dokar ilmi kyauta kuma tilas ga yara 'yan shekara 6 zuwa 14, wadda ta ce makarantu masu zaman kansu su keɓe kashi 25 cikin ɗari na guraben shiga ga 'ya'yan talakawa. A watan Mayu 2014, a shari'ar Pramati, alƙalai biyar suka ce dokar ɗungurungum ba ta hau kan makarantun tsiraru ba, masu karɓar taimako da marasa karɓa. Takardar shaidar zama makarantar tsiraru ta zama abin rububi. Wani rahoto da hukumar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta fitar a 2021 ya nuna kashi 62.5 cikin ɗari na ɗaliban irin waɗannan makarantu ba 'ya'yan tsiraru ba ne. Wannan a kansa ba laifi ba ne, domin tun 1958 kotu ta ce shigar 'ya'yan waɗansu ba ya sauya matsayin makaranta. Amma ya ba masu suka bakin cewa garkuwar da aka yi wa marasa ƙarfi ta koma hannun masu makarantun kuɗi.

Daga dokar 2009 ɗin nan aka sami jarrabawar tantance malamai, wadda ake bukata ga mai koyar da aji 1 zuwa 8. Makarantun tsiraru suka ce tun da dokar ba ta hau kansu ba, jarrabawar ma ba ta shafi malamansu ba. Manyan kotunan jihohi suka rarrabu. Ran 1 ga Satumba, 2025, a ƙarar wata ƙungiyar ilmi ta Musulmi daga Maharashtra, Masu Shari'a Dipankar Datta da Manmohan suka ce malaman sauran makarantu da ke da fiye da shekara biyar kafin ritaya su ci jarrabawar cikin shekara biyu ko su bar aiki. Game da makarantun tsiraru kuwa, suka bayyana a fili cewa suna shakkar ingancin hukuncin 2014, domin a ganinsu ya raba yaran da ke waɗannan makarantu da kariyar da sauran yara ke samu. Amma alƙali biyu ba sa rushe maganar biyar. Sai suka miƙa batun ga Babban Joji don a zaunar da alƙalai masu yawa, suka kuma ce kafin a yanke, ba za a tilasta wa malaman makarantun tsiraru jarrabawar ba.